Shirinmu Na Shiga Hamadar Amurka A Mota Mai Ɗaki



Tunda labari ya riga ya zaga unguwa, daga ƙofar masallaci har rumfunan 'yan goro, gara mu faɗe shi da bakinmu kafin a ƙara masa gishiri. Gaskiya ne, in Allah Ya kai mu watan Disamba, mu da Hajiya za mu ziyarci babban yaron gidanmu da ke zaune a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka. Gaskiya ne kuma cikin makonni shida da za mu yi a can, kwana goma sha biyu a hamada za mu yi su, cikin mota. Abin da ba gaskiya ba shi ne maganar da muka ji wai yaron ba shi da gidan da zai sauke iyayensa, shi ya sa za a riƙa kwana a mota. Alhamdu lillahi yana da muhalli. Motar haya ce, kuma da gangan aka ɗauko ta.

Bari mu kwatanta muku ita kamar yadda aka nuna mana ta waya. Tsawonta ya kai mita tara, wato ta fi bas ɗin haya ta cikin gari, ba ta kai tirela ba. Bayan kujerar direba akwai ɗan falo da teburin cin abinci, sai murhun gas da firji, sai makewayi da wurin wanka, sai gado can ƙurya, da wani gadon a saman kan direba. A ƙarƙashinta akwai tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke, da na ƙazanta. Mutanen can sukan yi hayarta ko su saya, su ɗebi iyali su shiga gandayen daji na gwamnati, su yada zango a wuraren da aka ware. Direbobinmu na manyan motoci da ke kwana ƙarƙashin tirela a Makwa ko Jabba, da risho da buta a gefe, ba za su ga baƙon abu ba. Bambancin dai su nema ya fitar da su, waɗannan kuwa hutu.

Ranar da muka fara kawo zancen a majalisar bayan la'asar, babu wanda ya ce madalla. Wani dattijo cikinmu, mutumin Damagaram, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, hamada ake zuwa kallo?" Kowa ya gane abin da yake nufi. Mu hamada ba wurin wasa ba ce a wajenmu. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Masu magana da harshenmu ne, talauci ya tura su. Wanda ya san wannan, in aka ce masa wasu na biyan kuɗi don su je su kwana cikin rairayi da duwatsu, dole abin ya yi masa banbaraƙwai. Wani kuma ya kawo ta kuɗi, ya ce abin da za a ƙona a mai kaɗai ya isa a canza kwanon aji biyu na Islamiyya. Maganganu ne masu nauyi, kuma daga masoya suka fito, don haka ba mu watsar da su ba.

Abin da ya sa muka amsa shi ne wata magana da yaron ya yi. Ba za mu kama sunansa ba, kun san ɗan fari ne. Ya ce, "Baba, in kuka zo kuka zauna a gida, ni ina wajen aiki, mamansu na wajen aiki, yara na makaranta, in sun dawo kowa ya rungumi waya. Ku da Hajiya da talabijin za ku wuni, har ku koma ba ku san jikokinku ba. Amma inda za mu babu sabis, babu inda yaro zai gudu." Jikokin nan biyu ne, namiji mai shekara goma da mace mai bakwai. Ba su taɓa taka Badun ba. In muka ce wa namijin "ina kwana" ta waya, yakan ce "lafiya lau", daga nan Hausarsa ta ƙare, sai ya waiwayi ubansa. Macen kuwa, da muka tsokane ta muka ce amaryarmu ce, sai da aka yi mata dogon bayani kafin ta yarda wasan kaka da jika ne. Wannan abu ya daɗe yana cin mu a rai. Shekarunmu sun doshi sittin, kuma zumunci a ƙafa yake.

Da muka zauna muka yi tunani kuma, ai mu 'ya'yan matafiya ne. Ita kanta unguwar nan da aka kafa a 1916, fatake da dillalan shanu da na goro suka cika ta. Kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kakanninmu da ƙafa da jakuna suke zuwa Gwanja su ɗauko goro, tafiyar watanni. Ba a tashi ayari da ka. Akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, akwai uban dawaki mai kula da abin da za a biya a hanya, akwai kuma malamin ayari. Haka muka raba aikin. Yaron ne madugu, don shi zai riƙe sitiyari. Matarsa ce jagaba, taswira da kama wuraren kwana suna hannunta. Hajiya ta karɓi guzuri. Mu kuma aka bar mana lissafi da lokutan salla. Duk ranar Lahadi bayan isha'i muke zama a kan waya, lokacin su rana ta take tsaka, don tsakaninmu da su awa takwas ne.

Abu na farko da aka tsayar shi ne lokaci. Wuri mafi tsanani da za mu shi ne wanda suke kira Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, a kan iyakar Kalifoniya da Nebada. A can ne aka rubuta zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a duniya, digiri 56.7, ranar 10 ga Yuli, 1913, a wani wuri mai suna Furnace Creek. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri da ya san digiri 43 na watan Afrilu ya ƙara goma sha uku a kai, ya ji yadda abin yake. Don haka mai hankali ba ya kai tsofaffi da yara wurin da bazararsu. A Disamba kuwa rana ba ta cika wuce digiri 20 ba, dare ya sauko kusa da 4. A wuraren da ke kan tudu har ƙanƙara takan kwanta da asuba. Ashe bargo da rigar sanyi za mu fi buƙata. Sannan yini gajere ne, wajen ƙarfe biyar magariba take yi, saboda haka aka yi doka: duk inda za a kwana, a isa kafin la'asar ta yi sanyi. Wuraren kwanan kuma ba a zuwa a tarar. Ta intanet ake kama su, ana buɗewa wata shida kafin ranar, kuma na lokacin hutu ba sa jimawa. Tun watan Yuni jagabarmu ta kama namu.

Ranar Asabar za a tashi. Zangon farko kudu ne, kusa da birnin Tucson, kilomita 180 ko kusa da haka, inda gandun Saguaro yake. Sunan wani tsiro ne mai ƙaya, in ka gan shi sai ka tuna ƙerana, amma shi yakan tashi kamar falwaya, ya wuce mita goma, ya miƙa rassa sama kamar mai ɗaga hannu. A hamadar Sonora kaɗai yake fitowa. Girmansa sannu ne ƙwarai: a shekarunsa takwas na farko da kyar yake kai tsawon yatsa, ba ya fitar da reshen farko sai ya yi shekara hamsin zuwa saba'in, kuma yakan rayu har 150 ko fiye. Hajiya da ta ji haka ta ce, "To Malam, ka ga sa'anka a can yanzu ma ya fara girma." Cikin gandun babu wurin kwanan mota, sai a zangon da ke gefensa za mu yi kwana biyu.

Daga nan sai yamma, zuwa wani ɗan gari mai suna Quartzsite, wanda da sanyi yakan cika maƙil da irin motocin nan. Mu dai wani abu ne ya sa muka roƙi a kwana a wurin. A 1855 majalisar Amurka ta ware dala 30,000 don sojoji su gwada raƙuma a hamadarsu. Aka yi jigila biyu ta jirgin ruwa a 1856 da 1857, aka sauke raƙuma sama da saba'in a Texas, tare da masu kora su daga ƙasashen daular Usmaniyya. Cikinsu akwai wani mai suna Haji Ali. Sunan ya yi wa sojojin nauyi a baki, suka mayar da shi Hi Jolly. Yaƙin basasarsu da ya ɓarke a 1861 ya kashe shirin, raƙuma aka sayar, wasu suka bazu cikin daji. Shi kuwa bai koma gida ba, ya rasu a garin a 1902. A 1935 hukumar hanyoyi ta jihar ta gina masa dala ta duwatsu a kan kabarinsa, da siffar raƙumi a bisa. Baƙo ne da neman abinci ya kai shi ƙasar da ba a iya faɗin sunansa daidai, ya tsufa a can, aka binne shi a can. Mu mazauna kurmi mun san irin wannan rayuwa. Muna so jikokin su tsaya a wurin mu ba su labarin, don su ma sunayensu haka ake lanƙwasa su a makaranta.

Zango na uku gandun Joshua Tree ne, a Kalifoniya, inda hamada biyu suka haɗu, ta Mojave da ta Colorado. Shi da Kwarin Mutuwa da Saguaro duk a shekara guda, 1994, aka ɗaga su zuwa cikakkun gandayen ƙasa. Manyan duwatsu ne jibge a kan juna, irin waɗanda mai bin hanyar Jos ya saba gani, da wasu itatuwa masu murɗaɗɗun rassa. Cikin gandun babu gidan mai ko kanti, kuma yawancin zangunansa ba su da famfo. Daren farko a Cottonwood za mu yi, inda akwai ruwa da wurin juye tankin ƙazanta, na biyu a Jumbo Rocks, inda babu ko ɗigo. Kudu da gandun akwai kwarin Coachella, inda ake noma mafi yawan dabinon Amurka. A matsayinmu na masu sayar da dabino da azumi, wannan ya ja hankalinmu. Irin nasu daga ƙasashenmu na Afirka aka kai: wani daga Aljeriya, shi kuma majhul, wannan mai girma da tsada, daga dashe goma sha ɗaya da aka ɗauko daga Maroko a 1927 ya yaɗu. Ɗan kasuwa ko hutu ya je ba ya rasa tambayar farashi, za mu tambayo.

Ranar Alhamis za a ratsa dajin Mojave, inda shi ma babu gidan mai, a kwana a gefen Las Vegas. Mun san sunan da garin ya yi, garin caca ne. Amma akwai masallatai da musulmi a cikinsa, kuma a nan ne za mu samu Juma'a, mu sayi nama na halal, mu cika tankuna. Ko da yake Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, wanda ya saba hawa mumbari ba ya son ta wuce shi yana kallon duwatsu. Asabar da safe sai Kwarin Mutuwa, tafiyar kilomita 200, kwana uku.

Sunan ya samo asali ne daga wasu masu neman zinariya da suka bar hanyar da kowa ke bi a ƙarshen 1849, wai sun ji labarin gajeriyar hanya. Suka faɗa kwarin, suka yi makonni suna neman mafita, suka yanka shanunsu suka ci, suka ƙona kekunansu. Alhali kuwa akwai mutanen da wurin gidansu ne tun kafin zuwan Turawa, ƙabilar Timbisha, kuma har yau suna nan a Furnace Creek. Wanda ya san inda ruwa yake ya rayu, wanda ya bi jita-jita ya sha wuya. A cikin kwarin akwai Badwater, faffaɗan filin gishiri fari fat, mita 86 ƙasa da teku, babu inda ya kai shi zurfi a duk Arewacin Amurka. A shekarun 1880 kuma an riƙa haƙar wani farin ma'adini mai kama da kanwa, ana ce masa boraks. Dabbobi ashirin ake ɗaurawa jere, alfadarai sha takwas da dawakai biyu, su ja manyan kekuna biyu na kaya da na uku na ruwa, lita 4,500, tafiyar kilomita 265 cikin kwana goma zuwa tashar jirgin ƙasa. Duk wanda ya taɓa jin labarin ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma zai gane cewa lissafin ɗaya ne: kafin a ƙidaya riba, ana ƙidaya ruwa.

To, mu ma ga namu lissafin. Mutum shida ne. Hukumar gandun tana ba da shawara kowa ya sha aƙalla lita huɗu a yini. Ko da yake sanyi ake yi, ba mu rage ba: lita 24 ke nan kullum, kwana uku 72. Muka ce a sayi jarka huɗu masu lita ashirin-ashirin, na sha ne kawai, ba a taɓa su don wani abu. Tankin motar lita 150 yake ci. Alwala da buta, in ba a yi ɓarna ba, lita 15 ta ishe mu duka a yini. Girki da wanke-wanke 20, makewayi 15. Hamsin ke nan, tanki ya kai kwana uku. Wanka kuwa sai inda akwai famfo. Yaron ya yi dariya ya ce yaransa ba su taɓa wanka da bokiti ba. Muka ce to ga darasi na farko, kuma kakarsu ta ƙware, don duk wanda ya yi rani a Sabo yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya san darajar kofi ɗaya.

Mai ma haka. Tafiyar gaba ɗaya, da shiga da fita, ta kai kilomita 2,300, ta fi zuwa Kano daga nan a dawo. Motar kuwa ba ta wuce kilomita huɗu a lita, kun ga kusan lita 600. A cikin Kwarin Mutuwa wuri uku kawai ake sayar da mai, kuma da tsada. Dokar madugu ita ce, da zarar allura ta sauko rabi, gidan mai na farko a tsaya. Taswira ta takarda za a riƙe, don waya ba ta da amfani inda babu sabis, kuma ba a sauka daga kwalta ko da na'ura ta ce ga gajeriyar hanya. Za a bar wa wani abokinsa jerin wuraren kwananmu da ranakun, in ya ji shiru ya san inda zai ce a duba. In mota ta lalace, ba mai barin ta ya ce zai taka neman taimako. Wannan ita ce shawarar ma'aikatan gandun, kuma ita ce tsofaffin direbobin hamada suke faɗa: mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa, mutum a ƙafa kuwa ɓacewa yake. Wani abin mamaki, ruwan sama ma abin tsoro ne a can. Wurin da ba ya samun fiye da santimita shida a shekara, a watan Agusta na 2023 ya samu fiye da na shekara guda a yini ɗaya, hanyoyi suka karye, aka rufe gandun kusan wata biyu. Ƙasar ba ta shan ruwa, sai ya taru ya bi kwazazzabai da gudu. Don haka ba a yada zango a busasshen rafi.

Wasu sun tambaye mu batun salla. Abin da sauƙi. Tafiyar daga Phoenix ta wuce mil 48, kuma babu inda muka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, saboda haka ƙasaru za mu yi har mu koma Phoenix. Ranar doguwar tafiya akwai rangwamen haɗa azahar da la'asar. In ruwa ya yi ƙaranci har aka ji tsoron ƙishirwa, ga ƙasa ga dutse ko'ina, sai taimama. Sai dai a bugi dutsen a inda yake, don dokar gandayen ta hana ɗaukar ko tsakuwa ɗaya, ta hana tsinke tsiro, ta hana ɗiban itacen wuta, ta hana ba dabbobi abinci. Baƙo kuwa dokar masu gida yake bi. Abin da zai ba mutumin Sabo mamaki shi ne alƙibla. Mu nan mun saba cewa "fuskanci gabas". A can arewa maso gabas ake fuskanta, har ta fi kusa da arewa, saboda duniya a dunƙule take. Mun sa an nemo ɗan kamfas na hannu, kada a dogara da waya.

Matsalar da ta fi ba mu wuya ba ruwa ba ce, ba mai ba. Surukuta ce. Hajiya ce ta fara ɗago ta: "Malam, yaya za a yi ka kwana ɗaki ɗaya da matar ɗanka, labule kawai a tsakani? Yarinyar nan ko abinci ba za ta iya ci ba." Yaron ya ce can ba a ɗauki wannan komai ba. Muka ce mu mun ɗauka, ita ma yarinyar 'yar gidan mutunci ce daga Zariya, kunya ba ta bar ta ba don ta haye teku. Aka yi mako biyu ana juya maganar, har aka kusa fasa tafiyar, don hayar mota biyu ta fi ƙarfin aljihu. Ita surukar tamu ce ta kawo mafita, ta bakin Hajiya: a sayi tanti. Mata su kwana a mota, maza uku a waje. Dokar zangon Joshua Tree ta yarda da mutum shida a fili ɗaya, mu kuma shida ne cif. Da muka ji batun ƙanƙarar asuba mun ɗan yi jim, amma wanda ya yi karatun allo da hunturu a gindin wuta ba tanti zai ba shi tsoro ba. Kuma kwana goma sha ɗaya muna kwance kusa da jikanmu, ai abin da aka fito nema ke nan.

Guzuri kuwa, Hajiya ta so ta yi wa jikokinta kilishi da dambun nama. Ba zai yiwu ba, dokar ƙasar ta hana shiga da nama daga nan, kuma duk abin ci da mutum ya riƙo sai ya bayyana shi a filin jirgi. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da garin kunu za ta riƙa, a nuna musu, abin da suka bari a wuce da shi. Nama a can za a saya a daskarar a firji. Maganinta na hawan jini an tanadi na wata biyu, da takardar likita, an kuma yi mana inshorar lafiya, domin asibitin ƙasar ba a shigarsa da hannu biyu. Daga Furnace Creek, asibiti mafi kusa yana garin Pahrump, tafiyar sama da awa guda. Mun faɗa wa yaron ƙarara, ranar da jikinta ya ƙi, ranar za a juya, ko da saura wuri goma ba a gani ba. Ya amsa.

Sai maganar kuɗi, wadda muka yi alkawarin ba za mu tsallake ba. Wanda ya ce a yi rufin Islamiyya bai faɗi ƙarya ba, rufin yana yoyo, mu ma muna koyarwa a ƙarƙashinsa. Amma kuɗin nan guminsa ne, ya sauke mu Makka mu biyu, yana ɗauke da karatun ƙannensa, kuma duk abin da aka yi na unguwa aka sanar da shi bai taɓa noƙewa ba. In mutum irin wannan ya ce yana so ya kashe wani abu don 'ya'yansa su san iyayensa, ba mu ga almubazzaranci a ciki ba. Rufin kuma hakkinmu ne mu duka, mu da muke nan, kada mu rataya shi a wuyan waɗanda ke waje kaɗai. Mun sa namu a asusun kwamiti kafin mu rubuta wannan, muna kira ga kowa ya sa nasa kafin damina.

Abin da muke fata daga tafiyar ba shi da yawa. Gandayen nan an san su da duhun dare, babu fitilar gari ko hayaƙin janareto, taurari har kamar a kai hannu. A Disamba Kaza da 'Ya'yanta tana fitowa tun da farin dare. Muna so mu nuna wa yaran, mu faɗa musu sunanta da Hausa, su san cewa ita ce kakanninsu suke kallo a hanyar Gwanja. Muna so su koyi riƙe buta, su iya gaida babba a durƙushe, su ji tatsuniya daga bakin kakarsu ko da rabi za su gane. In muka dawo namijin yana iya ƙara ko jimla biyar a kan "lafiya lau", mun ci riba.

Kuma kada mu yi ta kallon na Amurka mu manta na gabanmu. Yara nawa ne a Sabo aka haifa, suka girma, Yarbanci da Turancin kasuwa sun fi Hausa sauƙi a bakinsu, ba su taɓa ganin garin kakansu ba? Ba sai an yi hayar mota mai ɗaki ba. Wanda Allah Ya hore wa, in hanya ta yi kyau, ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu in zai je gida, ya bar shi ya kwana ɗakin kakarsa, ya kashe masa waya kwana biyu. Tsofaffin nan ba jira za su yi ba.

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, na'ibi zai riƙe salloli biyar da karatun bayan magariba, an riga an yi magana da shi da kwamitin masallaci. Shago zai ci gaba da buɗewa a hannun yara. Wanda ke bin mu bashi, komai ƙanƙantarsa, ya zo kafin ƙarshen Nuwamba a sallame shi, wanda muke bi kuma ya san hanya. Masu son aika saƙo ga 'yan uwa a can, takarda da hoto za mu iya ɗauka, banda ƙunshin da ba mu ga cikinsa ba. Muna roƙon addu'arku, Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya jiƙan waɗanda hamada ta riƙe, Ya shirya mana zuri'a a duk inda suke. Amin.